Auren da Idona Bai Gani Ba

Talata, 3 ga Rabi'ul Awwal, bayan La'asar

Ni Dabo ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka miƙa mini fartanya. Ɗan ajamin nan nawa karkatacce ne, kuma ban taɓa bukatarsa ba, domin a garin nan kaina ake tambaya: iyakar gona, wa ya girmi wa, wa ya auri wa, a gaban su wa. In gardama ta yi tsawo aka ce "Dabo ya gani," magana ta ƙare. Yau na ɗauki alƙalami ne don akwai maganar da ba ni da wanda zan gaya wa.

Sojan nan na jikata Furera ya zo. Motar Shanono ta sauke shi a bakin rijiya, sanduna biyu a hammata, ƙafar hagu a naɗe har gwiwa. Dogo ne baƙi, Babarbare amma haifaffen Kano. Sunansa Kallamu. Ya so ya durƙusa a zaurena, ƙafar ta hana, ya zube gaba ɗaya kamar buhu, ya ɗago yana dariya.

"Baba, an ce kai ne mijinta na fari. Na zo ka sakar mini ita."

Wasan jika ne, na sani. Duk saurayin da ya taɓa zuwa wurin Furera sai na ce matata ce, ya lallashe ni da goro. Ban yi dariya ba. Na ce a kai shi zauren Liman Tasi'u, nan ake sauke baƙi.

Alhamis, 5 ga wata, da hantsi

Bari in jera shi yadda yake.

Furera 'yar ɗana Sama'ilu ce, Allah ya jiƙansa, don haka ni ne waliyyinta. Ita ce nas ɗin ƙaramin asibitinmu. Da bazara mutanen dajin nan suka shigo. Ba shanu suka zo nema ba a wannan karon, mai ɗaure ciwo suke so. Ba zan rubuta ranar ba. Ta dawo lokacin da gero ya fara fitar da kai, a rame, da ƙafarta.

Abin da ya faru a can, uwarta Hure ta gaya wa, Hure kuma ta gaya mini daga bayan zana. Wai ta tsinci sojan a kwazazzabo ta je ɗebo musu ruwa, kwana biyu bayan wani artabu, 'yan'uwansa sun ɗauka ya mutu. Ta yage kakin jikinsa ta tura a rami. Da suka gan shi ta ce mijinta ne, direba ne, biyo sawunta ya yi aka harbe shi. In suka kashe shi su nemi wata ta riƙa cire musu harsashi. Suka bar mata shi. Tana tafasa tsumma da gishiri, tana rage ƙwayar da aka kawo don mutanensu tana ba shi. To a cikin waɗanda aka kama akwai wani tsohon malami, ya ce zama a bukka ɗaya a kan ƙarya ba kyau, a mai da ita gaskiya. Wai ya ɗaura. Sadaki zoben azurfa. Ranar da jirgi ya watsa sansanin ta ɗora shi a jaki suka fito. Sojoji suka wuce da shi asibitin Kano, ita ta yo gida.

Wa ya ba da ita? Tsohon. Ina yake? Ya mutu a can.

Ni kuwa ina raye.

Juma'a, 6 ga wata, bayan masallaci

Liman ya tare ni a ƙofa. "Baba Dabo, shari'a ta sauƙaƙa. Larura ce, kai kuma ba ka kusa. In ka ce ka yarda, ya zauna. Ba wanda ya ce ka ce ka gani."

Na ce, "Tasi'u, ni na riƙe ragon sunanka. A garin nan in na ce na yarda, me mutane za su ji?"

Na amsa masa da kaina.

"Za su ji Dabo ya gani. Gobe in an zo kan iyakar gonar marayu na ce na gani, wani ya ce ai ka gani na Furera ma. Shi ke nan bakina ya zama na kowa."

Ya ce, "Yarinyar fa ba ita kaɗai ba ce."

Na ce masa ana jirana a gona.

Lahadi, 8 ga wata, da Azahar

Ban gani ba. Me zan ce?

Litinin, 9 ga wata, bayan La'asar

Furera tana zuwa zauren Liman safe da yamma ta wanke wa sojan ciwon. Yau ina alwala a gindin darbejiya ina jin su, ba wai kasa kunne na yi ba.

"Sista, a hankali, ƙafar gwamnati ce."

"Gwamnati ta yar da ita a kwazazzabo, ni na tsinta. Tawa ce. Miƙe."

"Wayyo!"

"A can ba ka ihu."

"A can in na yi ihu harbe ni za a yi. A nan kuwa lallashina za a yi."

"Wa zai lallashe ka? Ƙaton banza. Likita ya ce ka bar gado?"

"Ban tambaye shi ba. Yana fita na fita."

Sai ta yi dariya. Tun da ta dawo ban ji dariyar nan ba. A gidana tana shiga ɗaki ne ta juya wa ƙofa baya. Na zubar da ruwan butar ban gama wanke ƙafa ba.

Laraba, 11 ga wata, da hantsi

Hure ta dawo daga injin niƙa da garin a kanta, ido jawur. Mata suna lissafin watanni da yatsu, ba sa ma ɓoyewa. Wata ta kai ɗanta asibiti, da ta ga Furera ce da allura ta saɓa abinta ta fita, ta ce hannun da ya shafa waɗancan ba zai taɓa mata ɗa ba.

Hure ta durƙusa nesa da ni, yadda ta saba tun tana amarya. "Baba, kalma ɗaya ce. In ka faɗa, bakinsu ya mutu."

Na san haka. Shi ya sa take da nauyi.

Alhamis, 12 ga wata, bayan Azahar

Mauludi. An taru a ƙofar Mai unguwa, yara da sababbin riguna, tuwo har ya yi yawa. Kallamu ya zo da sandunansa ya zauna can gefe, ya sa farar riga ta aro wadda ta tsaya masa a ƙwauri. Wani mai neman magana ya ɗaga murya.

"Baba Dabo, wai sojan nan baƙon wane gida ne?"

Kowa ya juyo gare ni. Na ce, "Baƙon Liman ne."

Gaskiya na faɗa. A zauren Liman yake kwana.

Furera na cikin masu raba ruwa. Da yamma ta kawo mini tuwo ta ajiye. Ita da tun tana rarrafe "mijin" take ce mini, tana tsokanar haƙorana, yau ta ce, "Malam Dabo, ga abinci."

Asabar, 14 ga wata, da rana tsaka

Kallamu ya biyo ni gona. Yadda ya ƙetare kunyoyin nan da sanduna, Allah ne ya sani. Ina yankan gero, ya zauna a ƙasa ya ce in turo masa zai ɗaure. Damin da ya ɗaure ko akuya ta hura zai warware.

"Ɗan birni," na ce. Ya fita daga bakina ban shirya ba.

"Ka koya mini mana, Baba. Soja dai ya ƙare mini."

Na nuna masa yadda ake murɗa igiyar. Da na matso ne na ji. Na yi jinyar dabba, na yi ta mutum, na san warin nan. Ƙudaje sun baibaye bandejin.

Na ce, "Yaro, koma asibiti."

"Haka take ce mini kullum, har da zagi."

"To ka ji maganarta."

"In na hau mota yanzu, Baba, me za a ce? Ya zo, tsohon ya ƙi shi, ya gudu. Sai a ce ashe shi ma ya san ba nasa ba ne. Ita za a bari da su." Ya share gumi. "Yarinyar nan ta tauna mini rogo da bakinta ta ba ni, lokacin da muƙamuƙina ya ƙi motsi. Ita ba ta ci ba. Da bakinka zan tafi. Ka faɗa yau, gobe ina kan gadon asibiti."

Na tambaye shi ko akwai shaidan da ya rage da rai. Ya ce akwai ɗaya, Ja'afaru, mai awon gyaɗa a Ɗanbatta.

Kada wani ya ce ban motsa ba. Gobe kasuwa.

Lahadi, 15 ga wata, bayan Magariba

Mota uku na hau kafin Ɗanbatta, ƙashina duk ya kwance. Na samu Ja'afaru a layin 'yan gyaɗa. Ba ya awo, ƙaninsa ke yi. Shi yana zaune a kan buhu, in babur ya yi ƙara sai ya zabura.

Ya ce an ɗaura. Ya ce a gindin wani marke ne, su biyar, an yi fatiha ƙasa-ƙasa don kada masu gadi su ji. Ya ce ango a kwance yake, amarya na riƙe da ƙafarsa don kada ta motsa. Ya ce da aka shafa, tsohon ya raba musu ƙwayar aduwa a madadin goro.

Na ce wace rana?

Ya ce Juma'a. Can da muka yi nisa ya ce Litinin. Na ce ɗazu ka ce Juma'a. Na ce kafin ruwan fari ne ko bayansa? Ya ce kafin. Ya ce a'a, ƙasa a jiƙe take. 

"Baba, a can babu ranaku."

Ni shaidar da ba ta san ranarta ba ban taɓa ɗaukar ta ba. Ko a kan akuya. Kuma a wannan maganar, ranar ita ce komai, ko da yake ba na so in rubuta dalili.

Talata, 17 ga wata, da hantsi

Na sami mafita, na kwana ina jin daɗinta. Na tara su a zaurena: Liman, shi, ita. Na ce a sake ɗaurawa a nan, ranar Juma'a, a gaban idona da idon gari. Ni zan ba da ita da bakina, ni zan sayi goron. Kowa ya huta.

Na zaci za a gode mini.

Furera ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban baƙo.

"In aka sake ɗaurawa, na farkon mene ne sunansa?"



Ta ɗora hannu a jikinta. "Wannan kuma mene ne sunansa? Ka faɗa mana, kai da ka san sunan kowa."

Liman ya ce a hankali, ai ba a ɗaura aure a kan juna biyu. Ko dai na farkon yana nan, ko a jira ta sauka, a lokacin kuma gari ya riga ya raɗa wa abin suna. Na waiwayi Kallamu. Leɓensa ya bushe, yana rawar ɗari a cikin wannan zafi. Ya lallaɓa ya miƙe, ya ce, "Na gode, Baba. Ina zauren Liman."

Na yi nufin alheri. Allah ya sani na yi nufin alheri.

Alhamis, 19 ga wata, da La'asar

Tuwona yanzu Hure ke kawowa.

Juma'a, 20 ga wata, bayan masallaci

Kallamu bai zo sallah ba. Liman ya yi huɗuba a kan masu cin naman mutane, kowa ya sunkuyar da kai, aka fito aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Shekara nawa ina tsare bakin nan? Dagaci ya taɓa aiko mini da riga don in matsar da iyaka taku kaɗan, na mayar masa. Ƙanina uwa ɗaya ya mutu ba ya gaishe ni saboda na ƙi cewa na ga abin da ban gani ba. Duk wannan in zubar a tsufana? Kuma ba ni na kai ta daji ba. Ba ni na harbe shi ba. Ba ni na ce ya baro gadonsa ba.

Ba ni ba ne.

Litinin, 23 ga wata, da hantsi

An tafi da shi. Tun asuba ba ya gane mutane. Liman ya samo mota, samari huɗu suka ɗauko shi a tabarma, gari ya fito kallo, har masu lissafin.

Ina tsaye a bakin rijiya. Furera ta fito daga gidana da ƙullin kayanta, ba ta nemi izinin kowa ba. Ta shiga bayan motar ta zauna, ta ɗora kansa a cinyarta a gaban maza da mata, ta cire mayafinta ta lulluɓe shi. Yana sambatu, yana kiran sunan wasu da ban sani ba, yana cewa a kwanta, a kwanta. Ta riƙe fuskarsa da hannu biyu.

"Kai, Kallamu. Ni ce. Ka yi mini taurin kai har ka ga abin da ka jawo, ko? Wallahi ka warke ka gani."

Ya buɗe ido ya ce, "Kin ci abinci?"

Na ga aure da yawa. Na ga na kuɗi, na ga na zumunci, na ga wanda aka yi don kunya. Na san yadda mace ke yi wa mijinta faɗa, ba a koyon wannan, ba a kuma yin sa don a gani. Wannan kam idona ya gani.

Bakina ya buɗe. Amma a bakin mota ake irin wannan magana, cikin ihun yara da hayaƙi? Motar ta tashi.

Juma'a zan faɗa, na gaya wa Liman haka. A masallaci, bayan an sallame, a tsaye, kowa na ji. Yadda ake yi.

Laraba, 25 ga wata, bayan Azahar

An yanke ƙafar jiya. Hure ta shigo da gudu da wayarta, ta miƙo mini da hannu biyu. Muryar Furera ce, ta dushe.

"Kaka." Da Kaka ta kira ni. "Ya farfaɗo, yana ji. Ga wayar a kunnensa. Liman ya ce mana ka sauko. Ka faɗa masa."

Ina jin numfashinsa kamar ana jan zarto.

Na ce, "Ki gaya masa ya yi haƙuri zuwa jibi. Maganar aure ba a yin ta a waya kamar cinikin kaji. A gaban jama'a zan yi ta, yadda ba mai sake buɗe baki."

"Kaka, jibi da nisa."

"Kwana biyu ne. Soja ne, ya jure abin da ya fi haka."

Sai wayar ta mutu, ko ta kashe, ban san yadda abin yake ba.

Na sa an wanke mini babbar rigata.

Alhamis, 26 ga wata

Ya cika da hantsi. An kai shi da La'asar.

Juma'a, 27 ga wata, bayan masallaci

Na sa rigar. Da aka sallame na miƙe, na ce jama'a a dakata. Na ce surukina Kallamu, mijin jikata Furera, Allah ya yi masa rasuwa jiya a Kano. Na ce aurensu aure ne, ni waliyyinta na yarda da shi tun daga ranar da aka ɗaura. Na ce abin da ke cikinta ɗansa ne, kuma duk mai wata magana ya zo ya same ni. Na ce za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gidana.

Ba wanda ya yi tari. Aka yi fatiha.

Na shimfiɗa tabarmi da hannuna. Suka zo, duk suka zo. Mai tambayar ranar Mauludi shi ya fara miƙo mini hannu: "Ya haƙuri, Baba? Ashe suruki aka rasa." Mata suka cika tsakar gida suna yi wa Hure gaisuwa, har wadda ta saɓa ɗanta ta zo da kwanon kunu. Dubi yadda abin yake da sauƙi. Numfashi uku ne, ko ruwa ban nema ba bayansa.

Hure ta tambayi Furera a waya yaushe za ta dawo. Ta ce mace a ɗakin mijinta take takaba, tata kuma sai ta sauka. Tana wurin uwarsa.

Asabar, 28 ga wata, bayan Magariba

Na je Kano, sadakar uku. Gidan yana cikin wani lungu, ƙarami, cike da Barebari. Uwarsa Yakaka doguwa ce kamarsa. Ta karɓe ni da mutunci, ta ce ɗanta ya ba ta labarin wanda ya koya masa ɗaurin dami. Da ta zage ni da ya fi mini.

Na ce ina son ganin yarinyar. Ta kai ni ƙofar wani ɗaki, labule a sake. Na cire takalmi na riƙe. Ina hango ƙafafunta ta ƙasan labulen, ba lalle, ba komai.

Na ce, "Furera, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Na faɗa. Jiya, a masallaci, a tsaye. Na ce mijinki ne. Na ce ɗansa ne."

"Wa ya ji?"

"Gari duka. Ba wanda bai ji ba."

"Shi fa?"

Na tsaya a tsakar gidan mutane da takalmi a hannu, ina jira ta ƙara wata magana. Ba ta ƙara ba.